Goron Da Na Mayar

Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, haifaffen Salaga, amma a zangon Bawku na yi yawancin rayuwata. Karatuna bai wuce na allo da ɗan abin da na taɓa a firamare ba. A lokacin da wannan abu ya faru ni maigidan fatake ne. Masu safarar shanu da awaki a gidana suke sauka, ni nake tsaya musu a kasuwa, ni nake shaidarsu. A wurinmu baƙon da ba shi da dangi a gari, maigidansa ne ubansa. Idan zai nemi aure, shi yake ba goro, maigida ya kai gidan matar ya faɗi abin da ya sani na halinsa. In kuwa maigida ya mayar masa da goron, gari ya gane ke nan, ba sai an yi bayani ba.

Cikin baƙina akwai mutum biyu daga Yendi, sun daɗe a gidana har 'ya'yana suna kiransu kawu. Tare suke fatauci, ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, kamar yadda fatake suka saba. Dukansu sun manyanta, babu wanda ya taɓa aure. Babban mai shiru ne, ƙaramin kuwa bakinsa ba ya hutawa. Babu wanda ya damu da su sai da rediyo ta cika da maganar ƙasashen da suka halatta auren namiji da namiji. Aka riƙa cewa idan abin ya iso Ghana za a tilasta wa limamai su ɗaura, wanda ya ƙi a kulle shi. Ban san gaskiyar wannan ba, amma na tsorata, kuma na zama mai babbar murya a ƙofar masallaci. Kullum bayan la'asar ni ne ke cewa aurenmu na goro da waliyyi da shaidu ba na sayarwa ba ne.

Daga nan idon mutane ya fara neman wanda zai kalla, ya sauka a gidana. A kasuwar dabbobi aka soma kiran baƙin nan ango da amarya. Ƙaramin yakan mayar da wasa, ya ce in shi ne amaryar to an cuce shi, don ko zane ɗaya ba a taɓa saya masa ba. A yi dariya. Ni ma wani mahauci ya tambaye ni ko wa'azin nawa bai kai ɗakin baƙina ba ne. Na yi murmushi, amma maganar ta zauna mini a ciki.

Ana cikin haka babban ya same ni a zaure da ƙullin goro a ganye. Ya durƙusa, ya kira ni Baba, ya ce ya daidaita da wata bazawara mai sayar da koko a bakin tasha, yayanta ya ce a turo manya. Ya ce ya daɗe yana gina wa ƙannensa rayuwa, yanzu ya ga lokacin tasa ya yi. Na karɓi goron na ajiye. Abin da ya zo mini a rai shi ne, idan na kai, za a ce na nemo masa mayafi ne don in wanke gidana. Na kwana biyu ina juyayi, sannan na kira shi na miƙa masa ƙullinsa, na ce ƙafata ce ke ciwo, ya nemi wani. Ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya ce Allah ya ba da lafiya.

Yayan matar ya zo da kansa ya tambaye ni ko na san wani abu. Na ce masa Allah ne masani. Ban yi ƙarya ba, kuma da wannan na daɗe ina lallashin kaina. Auren ya mutu. Abin da dā wasa ne ya zama shaida, tunda maigidansu ma ya ƙi tsaya masa. A masallaci mutane suka riƙa barin gurbi tsakaninsu da shi a sahu. Kafin babbar sallah dukansu suka tattara suka koma Yendi. Matar ta daina gaishe ni, har ta bar garin.

Bara, a hanyata ta zuwa jana'iza a Salaga, na sauka a Yendi na nemi babban baƙon nan nawa. Na same shi a wata rumfa yana sayar da igiya da gishirin dabbobi, gemu ya yi fari. Abokinsa ya rasu, shi kuma bai yi aure ba. Ya shimfiɗa mini buzu, ya kawo ruwa. Da na fara neman gafara sai ya tambaye ni, cikin ladabi, me na taɓa gani a ɗakinsu duk shekarun nan. Na ce ban ga komai ba. Ya ce to ai wannan kaɗai ya roƙe ni in je in faɗa. Ya ce ya yafe, amma bai sake kirana Baba ba har na tashi. Malam yake ce mini.

Ra'ayina game da aure bai sauya ba, haka zan mutu a kansa. Amma na gaji da tuna cewa duk ihun da na yi na kare aure, aure ɗaya tak aka ɗora a hannuna, na halal, mace ta yarda, waliyyi yana jira, kuma ni na kashe shi. Babu wata doka daga waje da ta taɓa shi.

Ku da ake kawo wa goro, masu gida da limamai da kawunnai, idan aka tambaye ku halin mutum, ku faɗi abin da idonku ya gani, ku bar abin da kasuwa ke faɗa. Kada ku ɗauka shiru ya kuɓutar da ku. Ni dai tun ranar ban ƙara kai goron kowa ba. Idan an kawo, nakan ce a nemi wanda ya fi ni.