Rumbun Cikin Salula

Rannan ina wucewa ta layin masu gyaran salula a kasuwar Tanut, sai na ji zakara ya yi cara daga kan wani tebur. Ba zakaran gaske ba ne, irin siririn caran nan ne da ke fitowa daga tsohuwar waya mai maɓallai, kamar an shaƙe masa wuya. Na tsaya cak da buhun gishiri a kafaɗa, har mai gyaran ya tambaye ni ko wayar tawa ce. Na ce a'a, wasan da ke cikinta dai na sani.

Samarin yanzu in ka zauna a fadarsu, sai ka ji suna musu a kan wasannin da suka fi daɗi a shekarar da ta wuce, wannan ya ce ƙwallo, wancan ya ce na harbi. Ni in ka tambaye ni nawa, sai dai in koma da kai shekarar da babana ya tafi Libiya. Wasa uku ne kacal a duniyata a lokacin, kuma dukansu a cikin waya ɗaya suke.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ollelewa. Daminar shekarar ta yi gardama, hatsin da aka samu ba zai kai gida ga wata shuka ba. A wajenmu in haka ta faru, maigida yakan ware abin da za a lallaɓa da rani, sauran ya zuba a rumbu, ya liƙe bakin da laka, ya ɗora jinka, ya tafi nema. Ba mai taɓa rumbun sai ya dawo da ruwan farko ya buɗe da hannunsa, a fitar da iri, a ci a sami ƙarfin noma. Haka baba ya yi. Mahaifiyata ta rasu tun ina goye, saboda haka gidan ya rage daga ni sai kakata, wadda ta haife shi.

Ya bar mana wayarsa don ya riƙa kira. Matsalar ita ce rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga gari, sai a kan wani tudu da ke bayan rijiya, ƙarƙashin wata aduwa. Kaka gwiwoyinta sun daina hawan tudu, don haka aikin ya faɗo kaina. Kullum in na shayar da awaki sai in hau, in zauna da waya a cinya har rana ta karkata. Abokaina iyayensu sun kwashe su zuwa Damagaram da Kano, malamin lakwal, makarantarmu ta boko, ma da ya ga bencina sun fi yara yawa sai ya rufe ya tafi. Daga kan tudun nakan hango garin duka, rabin gidajen an toshe ƙofofinsu da ƙaya. Wani yinin ba na jin muryar kowa sai ta kurciya. Na yi kaɗaici a wurin nan, irin wanda yaro ba ya da sunan da zai kira shi.

Wasan farko na maciji ne, mai cin ɗigo yana tsawo har ya ciji kansa. Da shi na fara, kuma na gwanance har babban yatsana ya yi kanta. Kaka ba ta son shi. Ta ce mai hankali ba ya kiwon igiyar ƙasa, ko ta cikin gilashi ce. Na biyu tseren mota ne a kan wata baƙar hanya da babu yashi babu rami, abin da ban taɓa gani ba. Nakan karkata jikina duk inda motar ta karkata, sau ɗaya har na faɗi a kan ƙayar aduwa. Sai dai yana cinye batir kamar fara a gonar wake, ga shi sai ranar kasuwa ake kai wayar caji wajen mai shago mai fanon wutar hasken rana, Kaka ta haɗa ni da ƙwan zabi in kai masa ladan caji. Don haka ban cika buɗe shi ba.

Na uku shi ne na gona, kuma shi ne ya fi shiga raina, domin baba ne ya fara ta. Kafin ya tafi mukan zauna a zaure, shi yana shuka ni ina girbe masa. In ka buɗe wasan zakara ya yi cara, sai ga ƴar gona kore shar, da shanu masu dabbare-dabbare, da wani jan ɗaki da ake tara amfanin gona. Ruwa ba ya ƙin zuwa a can. Ka shuka da hantsi, kafin azahar ta nuna. Ranar da na nuna wa Kaka, ta kawo wayar daf da idonta ta daɗe tana kallo, ta ce wannan wace irin saniya ce ba ƙaho ba tozo, lalle masu ita sun sha wuya. Amma daga ranar, in na sauko da yamma, bayan ta tambayi ko an kira sai ta tambayi gona.

Wata rana na ce mata jan ɗakin ya cika, zan sayar da abin da ke ciki in sami wurin zuba sabo, haka wasan yake. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Wa ya share gonar?"

Na ce baba.

"To rumbunsa ne. Ba a buɗe rumbun mutum a bayan idonsa. Ka bari sai ya dawo."

Na yi bayani har bakina ya gaji. Na ce ba hatsin gaske ba ne, na ce ko an sayar wani zai fito yanzu-yanzu. Ta ce ita ma ta san ba a tuwo da shi, ba yarinya ba ce. Ta ƙara da cewa in na ga dama in yi, waya a hannuna take, ita ba ta hawa tudu balle ta gani. Wannan maganar ce ta ɗaure ni. Da ta yi mini tsawa da na sayar a ɓoye.

Haka wasan ya tsaya cik. Amfani ya nuna a gona ba wurin zubawa, shanu suna tsaye suna kallona. Kullum sai in buɗe, zakara ya yi cara, in leƙa in ga komai na nan yadda yake, in rufe. Kada ka yi dariya, a lokacin ji nake kamar na leƙa ɗakin baba na tarar da rigarsa a rataye.

Baba ya kira mu daga Agadas tun farkon tafiyar, ya ce washegari za su shiga sahara, in sun fita zai neme mu. Na sauko a guje na kai wa Kaka saƙon. Daga nan shiru. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo da zafinta, hatsin da ya ware mana ya ƙare. Muka koma ga anza, wadda sai an jiƙa ta an yi ta sauya ruwa kafin ɗacinta ya ragu, da ɗan nonon akuya. Liman ya zo har gida ya ce wa Kaka lalura ta halatta, a buɗe rumbun, yaron nan ya rame. Ta gode masa, ta ce ɗanta da bakinsa ya ce sai ya dawo. Ni ma ban so a buɗe ba, ko da yake cikina yana kuka. A ganina muddin lakar nan tana nan, baba yana hanya.

Sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Manyan motoci suka riƙa sauke maza a bakin hanya da katifu da jarkoki, ana cire ƙaya daga ƙofofi. Duk wanda ya sauka Kaka ta aike ni in tambaye shi, kowa ya ce bai gamu da shi ba. Ruwan shuka ya sauka, mai yawa, ƙasa ta yi ƙamshi. Gari ya fita da sungumi. Danshi ba ya jiran kowa a yankinmu na Damargu, in ka bari ya wuce ka sai ka yi shekara kana cizon yatsa. Irinmu kuwa yana cikin rumbu.

Da hantsin washegari ina ƙarƙashin aduwa, sai na hango Kaka tana hawowa da sanda, ta yi taku ta huta, ta yi taku ta huta. Na ruga na kama ta. Da ta zauna numfashinta ya dawo, ba ta tambayi ko an kira ba. Ta dubi gonakin mutane da ke ƙasa, sannan ta ce in nuna mata tamu ta cikin waya. Na buɗe.

"Fitar da abin da ke ciki."

"Kaka, ba sai ya dawo ba?"

"Fitar, ɗan nan. Ina son in ga yadda ake yi."

Na danna. Jan ɗakin ya koma wayam, wayar ta ɓarke da kiɗan murna, wasu taurari suna tsalle a kan gilashin. Kaka ta zuba wa abin ido har kiɗan ya mutu. Ta share fuskarta da gefen zane, ta ce in je in kira liman da maƙwabcinmu.

Su suka ɗaga jinkar. A kan lakar akwai shatin yatsun baba, inda ya shafe ta tana ɗanya. Maƙwabcin ya ɗaga gatari, Kaka ta juya baya ta shige ɗaki. Da aka fasa, ni aka ɗaga aka zura ciki, don ni ne ƙarami. Ƙamshin tsohon hatsi ya cika mini hanci. Na tarar ya ware zangarniyoyin iri a sama, manya-manya, ya ɗaure su dabam. Na riƙa miƙowa ina kuka, su kuma suka yi kamar ƙaiƙayi ne ya shiga idona. Da yammar ranar muka yi shuka, maƙwabcin yana sara ni ina zuba iri.

Baba bai dawo ba, kuma ba mu taɓa jin abin da ya same shi ba. Wayar ta mutu bayan damina biyu, da gonar a cikinta. Kaka ta rayu shekaru, ba ta yarda an yi zaman makoki ba.

Yanzu rezo har ƙuryar ɗaki yake shiga a garinmu. Wanda ya tafi arewa yakan kira a ga fuskarsa, yara kuma suna buga ƙwallo a waya da mutanen da ba su taɓa gani ba. Ɗana yakan ba ni in gwada, ya ci ni ya yi ta dariya. Na wuce shekarun da babana yake da su sa'ad da ya tafi, ni ma ina da gona da rumbu, wani lokacin tafiya takan kama ni. Sai dai ban taɓa liƙe nawa da laka ba, jinka kawai nake ɗorawa. Dattawa suna ce mini sakaci ne, mata za su cinye kafin bazara. Wataƙila gaskiyarsu ne. Ni dai duk ranar da zan fita, ko Tanut ce zan je in kwana, nakan ce wa uwar ƴaƴana in suka ji yunwa su buɗe, kada kowa ya jira ni.