Rukaya da ta hana ni kashe kwamfuta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Rukaya ta rasu.

Ina shan koko da safen nan yayanta Mubarak ya kira ni. Ya ce, "Malam, ta tafi." Na ce ta tafi ina? Har yanzu kofin na nan inda na ajiye shi.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce mai gyaran kwamfuta a shuɗin kwantenan nan na unguwar Maamobi. Ɗalibata ce. Ni na koyar da ita a aji huɗu a makarantarmu ta Nima. 'Yar siririya, sikila ya kwantar da ita sati biyu, ta dawo ta wuce kowa a lissafi.

Da ta girma, ita ta zama malamata.

Ba na manta ranar rufe rajistar jarrabawar 'yan ajin ƙarshe. Tun safe nake shigar da sunayen yara da hotunansu, saura kawai in tura, netwok ya ɗauke. Wayar kowa a ofis tana kama wayifai, kwamfutata kaɗai ta ƙi. Ni kuwa dabara ɗaya na sani, in kashe in kunna. In na kashe, duk abin da na cike ya tafi, ga lokaci ya ƙure. Iyaye na tsaye a bakin ƙofa suna kallona.

Na kira ta. Tana cikin trotro, motar haya, a Kawukudi, ina jin hon ta ko'ina.

"Malam, kar ka kashe! Ɗauke yatsanka daga wurin."

Na ɗauke.

"Shiga saitin netwok. Ka ga adafta? Shi ke kamo maka wayifai. Danna shi da maɓallin dama na maus, ka zaɓi disebul."

Na ce, 'yata, ai kashewar ke nan.

"Shi kaɗai ka kashe, aikinka ba ruwansa. Karanta Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya, sannan ka danna inebul, ya sake kunnuwa."

Ƙafa uku na karanta. Netwok ya dawo, sunayen na nan cif. Yaran nan duka sun zauna jarrabawa, kuma ba ko ɗayansu da ya san hannun wa ke ciki.

Washegari ta zo da takarda, ta rubuta matakan da manyan baƙaƙe saboda idona, ta manna a bango. In na je shagonta, ko da sukurdireba a hannu sai ta durƙusa ta gaishe ni. Na hana, na gaji.

Ganinmu na ƙarshe Juma'ar da ta wuce ne, a asibiti. An ce ana neman jini. Na naɗe hannun riga, nas ta duba ta ce nawa bai dace da nata ba, ga kuma hawan jini. Na tura saƙo zauren tsofaffin ɗalibai, wasu suka zo, Allah Ya saka musu. Ni dai na koma na zauna a gefen gado da ledar lemun da ba ta iya sha.

Ta dube ni ta yi murmushi. "Malam, ka yi zuru-zuru kamar ranar rajista. Je ka ci abinci, ka ji?"

Na ce yoo, na ji. Na ce zan dawo Litinin.

Yau Litinin.

Ban san me zan ce wa mahaifiyarta ba. Na je ɗazu, ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri. Ta ce tunda ni na fara ɗora Rukaya kan karatu, ni zan yi mata salla. Na ce to.

Ya Allah, Ka san irin ciwon da baiwarKa ta sha tun tana ƙarama. Ka sa ya zama kaffara. Ka yafe mata, Ka yalwata kabarinta, Ka ba ta Aljanna Firdausi, Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarta.

Jana'iza bayan Azahar, a gidansu. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. Ni ma ku sa ni ciki, Allah Ya riƙe min muryata har kabbara ta huɗu.