Dayis a Cikin Lallena

Shekara goma sha tara ina zana wa amare lalle a Umarari kafin hannuwana su juya mini baya. Abin ya faro da ƙaiƙayi a tsakanin yatsu, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa, daga nan fatar ta tsattsage har ba na iya matse ledar zane. Na shafa man kaɗanya, na shafa man darbejiya, na jiƙa su a ruwan bagaruwa. Wata maƙwabciyata 'yar Konduga ta kawo mini garin wani itace da ta rantse shi ya warkar da mijinta, ni dai ƙara mini zafi ya yi. Ranar da jini ya ɗiga daga babban yatsana a kan ƙafar wata amarya, uwarta ta yi mini wani irin kallo, na san zancen asibiti ya zama dole.

Ban tafi da zuciya ɗaya ba. Mu a garin nan ba a koya mana gyaran fata. Daga Kano da Abuja ake aikowa a ɗauki matanmu su je su yi wa amare dilka da turaren jiki, sannan a ce in je in zauna gaban wata ta karanta mini yadda ake kula da fata? Da wannan fushin na shiga keke, da shi na zauna a benci tun safe har rana ta take tsaka.

Likitar fatar ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba. Siririya ce, da gilashi, ko kwalli babu a idonta. Na gaishe ta da wushe irin ta mutanen garin nan, ta amsa da bakin Barebari tsantsa ba tare da ta ɗago daga takarda ba. Ashe 'yar gida ce. Wannan ya ƙara ɓata mini rai, don da baƙuwa ce da na yi mata uzuri. Ta zura safar roba kafin ta taɓa ni. Na san haka aikinsu yake, amma hannun da amare ke bin layi su miƙa masa ƙafa, yau shi ake ɗagawa da yatsu biyu kamar tsumman kicin.

Ta juya tafin, ta juya bayan, ta leƙa ƙarƙashin farce.

"Hajiya, sana'ar me kike yi?"

"Lalle."

"Ja ko baƙi?"

"Wanda amarya ta ce."

"Me kike zubawa a baƙin?"

Nan na janye hannuna. Wanda bai san sana'armu ba ba zai gane nauyin tambayar nan ba. Mai lalle ba ta faɗin haɗinta. Gwaggon da ta koya mini sai da na shekara uku ina riƙe mata kwano kafin ta bari na ga abin da take zubawa, shi ma bayan ta kore kowa daga ɗakin. Na ce, "Likita, magani na zo karɓa, ba koyar da sana'a ba."

Ta ce, "Ba sai kin faɗa ba. Dayis ne da ruwan haidirojin. Farcenki ya riga ya faɗa mini."

Gaskiya ta faɗa, kuma ban taɓa jin haushin gaskiya irin na ranar ba. Haɗin Gwaggo garin lalle ne da lemun tsami da mahallabiya da ruwan kanumfari, ba ƙari. Ni na shigo da dayis, wannan rinin da ake baƙanta furfura da shi, lokacin da amare suka fara son zane baƙi ƙirin wanda zai fito a hoto, kuma ya kama kafin a gama shan shayi. Kowa na zubawa. Ni dai hannuna ya fi na kowa nauyi, shi ya sa nawa ya fi na kowa baƙi, shi ya sa kuma aka san ƙofar gidanmu har Zabarmari.

Ta shiga bayani da muryar nan tasu mai sanyi wadda ke sa mutum ya ji shi ƙaramin yaro. Wai an yi rinin ne don gashi, ko a gashin ma ba kowa yake karɓa ba. Wai fata takan yi shekaru tana haƙuri da shi, rana ɗaya ta ƙi, kuma in ta ƙi ba ta sake shiryawa da shi har abada. Ta ce in shafa kirim ɗin da za ta rubuta safe da yamma na mako biyu, in riƙa shafa mai marar ƙamshi duk bayan alwala, kada in sa hannu tsirara a garin sabulun wanki, in ɗaga wa humra ƙafa tukuna. Jan lalle na gargajiya babu laifi. Dayis kuwa, ko da safar hannu ba ta yarda ba.

Na ce, "Wato in rufe sana'ata."

"Na ce ki daina dayis."

"Ai duk ɗaya ne. Wace amarya ce yanzu za ta zauna daga hantsi zuwa la'asar da ƙafa a leda tana jiran ja? Ke da ganinki ba ki taɓa zaman lalle ba, shi ya sa kike magana kamar mai karanta labarai. Amaren da na yi wa ba su ƙirguwa, ko ɗaya ba ta taɓa dawo mini da kuka ba."

Sai a lokacin ta cire gilashin ta dube ni sosai. Ta ce, "Ba wurinki suke dawowa ba, Hajiya. Nan suke zuwa."

Ta juyo mini da kwamfutarta. Hoton hannu ne daga gwiwa zuwa yatsu, babu fuska. Baƙin ya goge, amma zanen yana nan daram, ya tashi ya yi jajir, kowane fure ya zama bororo cike da ruwa, kowane layi ya kumbura. Ta ce kwana tara bayan ɗaurin aure aka kawo yarinyar, ba ta iya lanƙwasa hannu. Ta ce ƙurajen za su warke, amma tabon zai iya shekara yana nan, a wasu ma ba ya tafiya duka.

Ni bahaguwa ce. Saboda haka ganyen da nake rufe zane da shi a wuyan hannu kullum baya yake kallo, uku a jere, na tsakiya ya fi tsawo. Babu mai yin sa haka a garin nan sai ni. Ga su nan a hoton, uku a jere, sun ɗuri ruwa.

"Kin san zanen?"

Na ce, "Masu lalle sun cika garin nan."

"Haka ne," in ji ta. Ta yage takardar maganin ta turo mini da bakin biro. Da ta yi mini faɗa da na rama, don baki ba a fi ni ba. Na miƙe na ce mata Allah ya sa ranar aurenta a yi mata zane da alli, na fita na bar mata ƙofa a buɗe.

A hanya na yi ta lissafa amaren watan. Ban gano ko wacce ce ba, har yau kuma ban gano ba. Na dai san dalilin da ya sa ba a zo mini ba. In jikin amarya ya lalace bayan biki, bakin mutane ake zargi, a kira malam ya yi tofi. Ba wanda zai tuna da mai lalle, balle a tsallako a yi mata rashin kunya a gida.

Na sayi kirim ɗin ina zagin wadda ta rubuta shi. Kwalaben dayis kuwa sai da suka yi kwana shida a kan taga ina kallonsu suna kallona, ran na bakwai na juye su a masai. Uwar amaryar farko da ta zo bayan nan na ce mata ja kawai nake yi yanzu, kuma sai an zauna. Ta ce, "To Hajiya, bari mu yi shawara." Ta biyu ma shawara ta tafi yi, ta uku ko zama ba ta yi ba. Duk a bayan layinmu suka ƙare, wurin wata mai lalle da ko da'ira ba ta iya rufewa daidai, amma nata yana baƙi. Na aika mata da abin da na gani a asibiti, ta aiko a ce mini hassada ba ta da kyau ga babba.

Da wata huɗu ya cika na koma kamar yadda aka rubuta a katina. Ita ce dai, da gilashinta. Ta juya tafin, ta juya bayan, ta shafa tsakanin yatsun, a karon farko na ga haƙoranta.

"Masha Allah, Hajiya. Kin ga yadda suka yi sumul?"

Na ce, "Dole su yi sumul, Likita. Wata huɗu ke nan ba su taɓa ƙafar amarya ba."

Ta ce in ci gaba da shafa man, ta rufe fayil ɗina, ta ɗaga murya ta kira mai bi mini.