Bidiyon da Yaya Ya Zaɓa

Har yau idan na ga tsohuwar na'urar bidiyo a shagon masu gyara sai raina ya ɓaci. Da Yayanmu nake fushin, ko da yake mun daɗe da shiryawa.

Lokacin mulkin soja ne. Ina aikin buga takardu a wata ma'aikata a Abuja, kullum in bi motar safe daga Suleja in dawo gab da magariba. Muna zaune a gidanmu na gado a Hashimi, ni da Inna da Yaya da iyalinsa. Autarmu kuwa mijinta ya tafi da ita Amurka wajen karatu, shekara shida Inna ba ta sa ta a ido ba. Sai wani abokin mijin ya zo hutu, ya kawo mana kaset na bidiyo da 'yar takarda. Auta ta ce ta zauna ta yi wa Inna magana a ciki, ta nuna mata 'ya'ya biyun da ta haifa a can.

A watan ne likita ya gaya mana Inna na da hawan jinin ido, kuma ya ci ƙarfinta. Bai ɓoye mana ba, ya ce magani zai rage gudun abin ne kawai, ganin da ya tafi ba ya dawowa. Ƙananan hotunan da Auta ke sakowa a wasiƙa tuni sun gagari Inna. Talabijin muna da ita, babba, idan ta matso kusa tana gane fuskar mai karanta labarai. Bidiyo ne babu. Aro kuwa Yaya ya ce ba a gidanmu ba, saye za a yi, kuma shi zai zaɓa.

Na bi shi kasuwa ranar Asabar, ya yarda ne don in riƙe kwali. Muka shiga shagon wani Inyamuri mai kayan wuta, mutum mai fara'a, Hausarsa a karye amma ana ganewa. Wasu maza uku na zaune kan benci suna kallon fim ɗin faɗa. Yaya ya fara zaɓe irin nasa: ya ɗaga na'ura da hannu biyu, ya jijjiga, ya ajiye. A wurinsa abin da ba shi da nauyi ba shi da inganci, ko agogo haka yake saya.

Mai shago ya tambaya, "Alhaji, kaset ɗin daga ina?"

Na riga Yaya amsawa, na ce daga Amurka.

"Ah! Na Amurka dabam ne fa, Madam. Sai malti." Ya jawo wata 'yar ƙarama mai ruwan toka. "Wannan malti ne, yana cin kaset na kowane ƙasa. Amma ba ya rikodin, kallo kawai."

Yaya ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya yi tsaki, ya ce wannan ai kwalin sabulu ne. Idonsa na kan wata baƙa 'yar Beljiyam, wato ta hannu da aka shigo da ita daga Turai, mai nauyi kamar dutsen niƙa, ga maɓallai jere. Ita tana ɗauka daga talabijin. Nan take ya fara hango kansa yana ɗaukar tafsirin azumi yana ajiyewa, abokansa na masallaci suna zuwa aro.

Mai shagon nan, Allah ya ba shi lada, bai ruɗe mu ba. Ya ce, "Alhaji, wannan babba ban sani ba o. Je ka kawo kaset ɗin mu gwada a nan, gida ba nisa."

Sai na ga fuskar Yaya ta canja. Ya dubi mazan da ke kan benci ɗaya bayan ɗaya.

"In ɗauko ƙanwata, matar aure, tana cikin ɗakinta, wa ya sani ko ɗankwali ma babu, in kunna wa ƙattin kasuwa? Kai, ka san da wa kake magana?"

Na ce, "Yaya, to mu ɗauki ƙaramar, tunda ita ya tabbatar."

"Ke, buga takarda kika sani."

Haka na rungumo baƙar na'urar har bakin titi, hannuna na ciwo, zuciyata na tafasa.

Bayan la'asar Inna ta yi wanka, ta sa kwalli a idon da ke mutuwa, ta ɗaura sabon zane kamar mai jiran baƙi. Muka ajiye mata kujera dab da talabijin. Yaya ya tura kaset, ya koma gefe yana riƙe da rimot kamar shi ya ƙera. Abin da ya fito zane-zane ne masu gudu sama da ƙasa, da wata murya mai ja, kamar ta namiji mai mura. Inna ta kai fuskarta har tana taɓa gilashin.

"Ita ce?"

Yaya ya danna wannan ya danna wancan, sannan ya sa wani kaset na Indiya da mai shago ya ba mu gyara. Ya fito tas, har da launi. Shi ke nan ya sami hujja: na'ura lafiyarta ƙalau, kaset ɗin Auta ne ya lalace a hanya, injin filin jirgi ya cinye shi. Ya jefa shi a durowarsa ya kulle.

Ƙarya ce, kuma ya sani, don a kunnensa mai shago ya yi bayani. Amma Yaya ya fi son a ce kaset ya mutu da a ce ya yi zaɓen banza a gaban ƙanwarsa. A wurin Inna kuwa shi ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta tsare shi da tambaya. Azumi ya zo, ya ɗauki tafsiri kaset bayan kaset, ya jera su a kan kanta. Ban taɓa ganin ya sake kallon ko ɗaya ba.

Ni ma ban fita ba, kuma wannan ya fi ci min rai. Wata biyar ina wucewa ta ƙofar shagon nan, ina da halin sayen ƙaramar, ina cewa kada a ce na yi wa Yaya rashin kunya. Kullum ina ɗiga wa Inna magani ina kallon idon na dushewa. Sau ɗaya tak ta ce min a hankali, "Wai da gaske ya lalace?" Na ce haka Yaya ya ce.

Wata Asabar da rana tsaka, rana na dukan tsakar gida, Inna ta tambaye ni ko an kira magariba. Na yafa gyale na nufi kasuwa, na sayo 'yar ƙaramar, na zo na ɗora ta a kan ta Yaya. Na tsaya a gaban Inna na ce, "Yaya, ba ni kaset ɗin Auta." Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dubi fuskata, ya je ya ɗauko.

Hoto ya fito garau. Ga Auta zaune a kujera, yaro a cinya, yarinya ta jingina da ita. "Inna, ina wuni?" Muryarta ce sak.

Inna ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin. Ta matso, ta ja baya, ta karkata kai, ta sake matsowa. Can ta ce haske kawai take gani yana motsi.

"Gaya min, ta rame?"

"Ba ta rame ba, Inna. Ta yi kumatu."

"Me ta saka?"

Na juya na dubi Yaya sosai, don ina son ya ji da kyau. Tun farkon kaset ɗin har ƙarshensa a suturce take, don Auta ta san gidan da za ta aika wa.

"Hijabi ne, Inna. Har ƙasa."