Kwandon da Aka Rufe da Ganye

Idan an gama cirar auduga a Ƙarfi, kakarmu Iya Delu takan hura wuta da itacen audugar bayan isha'i, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take tsokana, wai mijin nan nata rago ne, ko kan tarwaɗa bai taɓa kawo mata ba. Yayana Sani, da ya fara su tun yana ƙarami, shi ne ɗan gaban goshi.

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. Wai wani gari ne mai tafki ɗaya. Kowace shekara bayan an gama su, Sarkin Ruwa yakan tambayi kowa abin da ya kama, don ya san ko za a hutar da tafkin baɗi. Shekarar da kifi ya ja baya, masuncin da aka fara tambaya ya hango surukinsa tsaye, sai ya rufe kwandonsa da ganye, ya ce an samu. Na biyu ya ƙi zama shi kaɗai marar sa'a. Haka har na ƙarshe. Aka yi ta buɗe tafki, har aka koma kamun kwaɗi.

"Ba wanda ya tashi da niyyar ƙarya," in ji Iya. "Kunya ce ta cinye musu kifi."

Mu kuwa mu yi ta dariya, muna cewa wawaye.

Iya ta daɗe da rasuwa lokacin da wasu ma'aikata suka zo madatsar ruwan da su Sani ke kamun kifi. Suna son sanin yawan kifin da ake kamawa da girmansa, don a ga ko za a rufe ruwan lokacin da kifi ke ƙwai. Aka tara masunta a gaban dattawa, har da mu 'yan kallo. Sani, wanda a gidansa an manta rabon da a ga kifi a miya, ya gyara hula ya ce, "Alhamdu lillahi, ana samu." Kowa ya bi sahu. Muka watse muna murna mun fita kunyar baƙi. Ba a rufe ruwan ba.

Yau Sani keke napep yake ja a Funtua, ragarsa ta zama shingen kaji. Kifin ƙanƙara muke saye.

Kwanan baya na yi wa 'yata tatsuniyar. Ta yi dariya irin tamu, ta ce, "Baba, wane gari ne wannan?"

Kunya ta kama ni, na ce mata wani gari ne can nesa. Sai da ta tashi ta tafi na lura ni ma ganyen na rufa.