Wadda ta yi mini jego a Panyu

Shekarun baya, tun ban san gabas da yamma a nan Guangzhou ta ƙasar Sin ba, na yi haihuwar fari. Jiya wata ta tambaye ni a ƙarƙashin bidiyon yarona, wai ina na samo yaren da ta ji ina yi masa faɗa da shi, ni da ko sakandare ban gama ba. Sifaniyanci ne, 'yar uwa. Ba a aji na koya ba, a banɗaki da kicin na koya. Bari ku ji.

Maigidana takalma yake saye a kasuwar Zhanxi yana turawa Kano. Mun kama haya a Panyu, can gefen gari, saboda gidajen can sun fi sauƙi. Da safe ya bi jirgin ƙasa ya tafi, sai bayan isha'i. Ni kuwa ina zaune da tsohon ciki, ba ni da aiki sai leƙen taga da saƙe-saƙe. Dama can ni mai fargaba ce. Idan ɗan cikin ya motsa in ce ya yi yawa, idan ya yi shiru in ce wani abu ya same shi.

Maƙwabta biyu na sani a benen. Wadda muke ƙofa da ƙofa Baturiyar Ingila ce, tana koyar da yara Turanci. Ƙasa da mu kuma wata dattijuwa ce 'yar Kolombiya, ta zo zama wurin ɗanta da ke sayen kaya a kasuwar Baima yana turawa ƙasarsu. Ni duk Turawa nake ce musu. Ranar da maigida ya ce ta ƙasan ba ta jin Turanci, sai na ce, “Ashe akwai Baturen da ba ya jin Turanci?” Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Ke dai Kano ta cuce ki.”

Baturiyar ce ta kwanta mini a rai. Ba hayaniya, ba shisshigi. Ta yi murmushi, ta gaishe ni, ta rufe ƙofarta a hankali. Ta ƙasan kuwa tsoronta nake ji. Kiɗa tun safe, waya da ƙarfi kamar ana rabon gado. Ranar da muka fara haɗuwa a lif, ba ta san ni ba ban san ta ba, ta ɗora tafin hannunta a cikina tana ta zuba yare, sannan ta manna mini sumba a kumatu. Ina shiga ɗaki na tofe cikin da Falaƙi da Nasi. Wata rana kuma ta nufi maigida da irin wannan gaisuwar, ya ja baya har ƙeyarsa ta bugi bangon lif, yana cewa, “A'a, a'a, Hajiya! Daga nan ma ta isa!” Tun daga nan idan na jiyo muryarta sai in bi matakala, da cikin da komai.

Shirinmu shi ne mahaifiyata ta zo ta yi mini jego. Aka nema mata biza, ba a samu ba. Ranar da labarin ya zo ban iya cin abinci ba. Tun ina yarinya na tashi ina jin matan gidanmu suna nuna wata da baki, suna cewa ɗanyen jego ne ya kumbura ta, sanyi ya shige ta tun haihuwar fari, har yau ba ta ƙara lafiya ba. Sai na riƙa ganin kaina a jikin matar nan. Umma kuma kullum a waya magana ɗaya ce: “Ruwa ya tafasa, safe da yamma, har ki yi arba'in. Kada ki yi wasa da jikinki, 'yar nan.” Ba ta taɓa cewa wa zai dafa ruwan ba, don ita ma ta san babu amsa.

Na haihu lafiya, namiji. Ranar suna matan Hausawa sun zo daga cikin gari, wata 'yar Maraɗi har da kawo mini gero da kanwa, Allah ya saka musu. Amma kowacce da kasuwarta da 'ya'yanta, kuma Panyu da nisa. La'asar na yi suka watse.

Washegari Baturiya ta ƙwanƙwasa, riƙe da furanni da kati. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce ba za ta dame mu ba. Ta tambaye ni ko akwai abin da nake buƙata, ko mene ne. Wallahi a lokacin bayana kamar zai rabe biyu, wanki ya taru, ko kunu ban sha ba. Amma ni 'yar gidanmu ce. Na haɗa ɗan Turancina na ce babu komai, na gode. A raina ina jiran ta sake tambaya, in sake ƙi, ta ture ni ta shigo, kamar yadda ake yi. Sai ta ce to, idan ina so in ƙwanƙwasa mata a kowane lokaci. Ta yi murmushi ta tafi. Na tsaya riƙe da furanni ina kallon ƙofarta. Ko abin da zan zuba su ban da shi, a bokiti na saka.

Kwanakin farko maigida ne yake dafa ruwan ya kai mini banɗaki. Sai ranar da za a yi musu lodin kwantena ta zo, ya fita da sassafe. Ya ce in bar wankan sai ya dawo. Ni kuwa muryar Umma na kunnena. Da hantsi na cika babbar tukunya, ta tafasa, na sa tsumma na ɗauko. Ina tsakiyar falo jiri ya ɗebe ni. Tukunyar ta suɓuce ta daki ƙasa, ruwan ya malale, ya ɗan taɓa mini ƙafa. Yaro ya tsandara kuka. Na zauna a jikin bango ni ma na fashe da nawa. Abin da ke raina kawai shi ne, shi ke nan, na zama matar nan da ake nunawa da baki.

Sai na ji ana dukan ƙofa, ba ƙwanƙwasawa ba, duka. Na ja ƙafa na buɗe. Dattijuwar ƙasa ce, da ludayi a hannu, da alama ƙarar ce ta hawo da ita. Ta dube ni, ta dubi ruwan, ta dubi yaron. Na buɗe baki zan ce babu komai, ta riga ta wuce ni. Ta ja ni banɗaki ta sakar wa ƙafata ruwan sanyi, ta ɗauko yaron ta ɗora a kafaɗa, tana goge falo da ƙafa ɗaya, tana ta yi mini faɗa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san faɗan. Irin na Umma ne sak.

Da abin ya lafa ta nuna yaron, ta nuna yatsu, wato kwanansa nawa. Na nuna mata. Ta dafe kai. Sai ta ware yatsunta goma sau huɗu, ta nuna ni, ta nuna gado, ta ce, “Kwarentena!” Na ƙirga a raina. Arba'in. Na ce da Hausa, “Ku ma kuna yi?” Ta ce, “Si, si, miha,” kamar ta ji ni. Daga baya na san miha 'yata ke nan. Tun daga ranar ba ta kira ni da wani suna ba.

Da yamma ɗanta ya hawo ya yi wa maigida bayani da Turanci. Wai a garinsu mai jego ba ta fita, ba ta ɗaukar nauyi, ba ta taka ƙasa ba safa, sai ta cika arba'in. Wai uwar ta ce wane irin miji ne zai bar yarinya da tukunya. Maigida ya sosa ƙeya ya ce a ba ta haƙuri. Ta ce ba ta haƙura ba.

Haka ta karɓe gidan. Da safe ta hawo ba sallama, ta rufe tagogi, ta zura mini safa, ta toshe mini kunne da auduga wai kada iska ta shiga, ta ɗaure mini ciki da wani dogon ƙyalle tamau. Ranar farko ta kawo farfesun kaza, ƙamshi ya cika ɗakin, ni kuma na kasa ci don ban san wa ya yanka ba. Na yi ta juya cokali ina jin kunya. Ta lura. Da ɗanta ya gane matsalar ya faɗa mata, ba ta ji haushi ba, sai ta ce to mijin ya riƙa sayo kazar a wurin Musulmi, ita nata dafawa. Maigida ya zama ɗan aikenta. Idan ya dawo hannu sake, tun daga lif take tare shi.

Wankan ne aka sha daru. Na kira Umma ta bidiyo don ta nuna mata yadda ake yi. Tsofaffi biyu, ba mai jin yaren wata, amma suka yi musu sosai. Umma ta ce ruwan bai yi zafi ba. Dattijuwa ta tsoma yatsa ta fizge, ta ce, “No, no, no!” ta nuna ni ta nuna tukunyar miya, wato dafa ni za a yi? Umma ta ce, “Ce wa Baturiyar nan ta ƙara wuta.” Na ce, “Umma, ba Baturiya ba ce.” Ta ce, “To mece ce?” Na juya wayar wajen dattijuwar. Ta ce, “Ko ma wace ce, hannunta na masu jego ne, dubi yadda ta riƙe yaron.” A ƙarshe suka tsaya a tsakiya, ruwan ya fi na Kolombiya zafi, bai kai na Kano ba. Ni dai na ji daɗin hakan, ban faɗa wa Umma ba.

A nan yaren ya shige ni. Agwa ruwa, kaliyente zafi, kome ci abinci. Wannan ta ƙarshen na fi ji, don ko na ce na ƙoshi sai ta ƙara. Ita kuma ta koyi sannu da to, da kuma wayyo, wadda ta ɗauka a bakina lokacin ɗaurin ciki. Na dama kunun kanwa na ba ta, ta kurɓa, ta haɗiye da ƙyar, ta shafa kaina kamar mai yi mini jaje. Washegari ta kawo mini ruwan cakulan mai kauri da cuku a ciki, na rama mata irin fuskar.

Baturiya fa? Wata rana ta ga tabon ƙafata ta tambayi maigida. Da ta ji, sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce, “Amma na tambaye ta! Ta ce babu komai.” Maigida ya ce a wurinmu ba a amsa tayi da fari, kunya ce. Ta ce su kuma idan mutum ya ce a'a ka matsa masa, ka raina shi, kamar ka ce bai san abin da yake so ba. Ta ce kullum tana jiyo kukan yaron, tana so ta zo, tana tsoron ta takura mini. Ashe ni ina bayan ƙofata ina jira, ita tana bayan tata tana jira. Daga nan ita ta ɗauki nauyin kai mu allurar rigakafi. Idan ta ce ƙarfe tara, tara ɗin ce. Dattijuwa kuwa idan ta ce tana zuwa yanzu, ka iya yin barci ka tashi. Amma idan ta zo, ta zo ke nan.

Ranar arba'in dattijuwa ta dafa ruwa da wasu ganyaye masu ƙamshi, ta yi mini wankan ƙarshe, ta cire audugar kunnena ta jefar. Na yi kwalliya, na saka sabon leshi, na goya yarona. A Kano da yawon arba'in zan fita, gidan gwaggo, gidan kawu, har dare. A nan gidan wa zan je? Sai na ƙwanƙwasa ƙofar Baturiya, ta ba mu shayi a ɗan kofi. Sannan na sauka bene ɗaya, inda na tarar an cika tebur, an ƙure kiɗa. Yawon arba'in ɗina ke nan, ƙofa biyu. Umma ta dube ni ta waya, ta ce in juya, na juya. Ta ce, “Alhamdulillahi, kin gasu.” Sai a ranar na yi barci babu fargaba.

Yaron na rarrafe dattijuwa da ɗanta suka koma ƙasarsu. Na raka ta har bakin mota, wannan karon ni na fara kai mata sumba. Muna gaisawa har yau ta saƙon murya, da guntun Sifaniyancina na kicin da faɗan yara. Muryarta ta tsufa. Haihuwata ta biyu Kano na je na yi, a ɗakin Umma, ga dangi ga ruwa mai zafin gaske, amma wani lokaci ina cikin wankan sai in ji ina kewar mai ce mini miha.

Ba na ganin laifin Baturiya, mutumiyar kirki ce, ta girmama maganata ne. Ni ma yanzu na koyi buɗe baki in ce ina so, ko da yake har yau da ƙyar nake faɗa. Amma idan abu ya zo ga mai jego, hanyar dattijuwa na ɗauka. Watan jiya wata yarinya 'yar Katsina ta haihu a unguwarmu nan Guangzhou, ita ma ba kowa nata a nan. Na je da tukunyata da kazata. Ta buɗe ƙofa ido duk ya faɗa, ta ce, “Wallahi Anti da kin bar shi, babu abin da nake buƙata.”

Na ce, “Na ji. Matsa in wuce.”