Notunan Manya

Shekara talatin da ɗoriya Baba Sannu ya yi a garejin sojoji, amma bai taɓa sa kaki ba. Bakanike ne farar hula, an ɗauke shi yana saurayi, an sallame shi da furfura. Sunan ma a garejin ya samo shi, domin duk gaggawar da aka zo masa da ita, sai ya goge hannu ya ce, "To, a bi sannu." Ba ya ɗaga murya, ba ya jifa da sifana. In ya kwance noti sai ya wanke shi da kananzir, ya jera a murfin kwano bisa yadda suka fito.

Da rundunar ta yi watsi da tsofaffin motocinta, aka ba ƙungiyar tsofaffin sojoji guda ɗaya, koriya mai dogon hanci da taya shida. Aka girke ta a farfajiyar ofishinsu. Sau ɗaya a shekara take fita, ta kai su fareti ta dawo da su. Sauran kwanakin kuwa Baba Sannu ne ke zuwa da safe, ba wanda ya aike shi, ya duba ruwa, ya tayar da ita ya tsaya yana saurare. Shi ya karɓe ta ranar da aka kawo ta gareji sabuwa fil, kuma cikin duk motocin da suka bi ta hannunsa ita kaɗai ta rage.

Sai ta fara ɗiga. Gaskit ɗin da ke tsakanin inji da kaskon baƙin mai, takardar nan da ke hana mai tsiyaya, ya bushe ya tsage. Ɗigon ba wani mai yawa ba ne, sai dai shugaban ƙungiyar, wani Manjo mai ritaya, bai daɗe da sa an malala wa farfajiyar siminti ba. Ya tsaya kan tabon, hannu a baya.

"Baba, mako ɗaya na ba ka. In na sake ganin ɗigo ɗaya a nan, masu sayen tsoffin ƙarafa za su zo su yanka ta."

"To, ranka ya daɗe."

An daina yin gaskit ɗin irin motar tun tuni. Amma Baba Sannu yana da falle ɗaya na takardar gaskit mai kauri, da ya ajiye ƙarƙashin katifa tun yana aiki. Ya tsiyaye mai, ya sauke kaskon, ya kankare bakinsa tas, ya kai shi gida. A tsakar gida ya ɗora takardar a kai, yana bubbugawa da ƙaramar guduma, har siffar bakin da ramukan notuna suka fito.

"Malam, almakashin ɗinkina ne a hannunka?" in ji matarsa.

"Aro na yi."

"Wancan da ka ara bara, yanzu ko zare ba ya yankawa."

"Wannan karon zan wasa miki."

Ta yi tsaki, ta kawo masa kujera don kada bayansa ya ƙage.

Washegari da hantsi ya mayar da kaskon. Notuna ashirin da biyu ne, ya sa kowanne da yatsa, bai ɗaure ba tukuna. Ɗaurin shi ne aikin. Daga tsakiya ake farawa, a ɗan ja wannan, a tsallaka a ja na ɗaya ɓarin, a zagayo sau uku. Duk wanda ya danne noti ɗaya da ƙarfi ya murƙushe takardar, kuma babu wata.

Yana kwance ƙarƙashin motar ya ga takalma masu sheƙi sun kewaye shi. Ya jawo jiki ya fito. Manjo ne da 'yan kwamitinsa shida, kowa da lambobinsa a ƙirji, ga mai hoto.

"Kwamiti ya zauna," in ji Manjo. "Motar ta ƙungiya ce, saboda haka shugabanni ne za su ɗaure ta da hannunsu. Kowa noti ɗaya, bisa muƙami. Ni zan fara."

"Ranka ya daɗe, wannan ɗaurin lallaɓawa yake so."

"Lallaɓawar ce ta kawo mu nan. Ku farar hula ba ku san ɗauri ba. Ba ni sifana."

Baba Sannu ya dubi damtsen Manjo. Mutumin da in ya rufe famfo sai an kira mai gyara. Ya goge sifanar da tsumma, sannan ya ce, "To, ba laifi. Sai dai na ƙasan nan ƙanana ne, ga su kamar ƙwayar wake. A gareji kurata ake ba su. Kuma in ka shiga, mai hoto tafin takalminka kaɗai zai samu."

Manjo ya sunkuya ya leƙa, tumbinsa ya hana shi nisa.

"Ina manyan suke?"

Baba Sannu ya zagaya gaban motar, ya dafa bamba, ƙarfen nan da ke tare hancinta. Notuna shida ne a jiki, kowanne ya kai dunƙulen hannun jariri. Tsakaninsu da baƙin mai babu ko gaisuwa. Ya ce bari ya shirya su, ya ɗan sassauta kowanne, ya miƙa wa Manjo sifana mafi girma a akwatinsa.

Wani siririn Kofur cikin 'yan kwamitin, wanda direba ne a zamaninsa, ya matso kusa da kunnensa.

"Baba, yaushe bamba ta fara riƙe mai?"

"Notuna shida ne, ku bakwai ne, kai ne na ƙarshe a muƙami. In ka yi shiru zan nemo maka na bakwai."

Kofur ya yi shiru. Aka ba shi notin lambar mota.

Manjo ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, aka ɗauki hoto. Kyaftin biyu suka yi gardama kan wanda ya riga wani samun girma, aka aika ofis a duba fayil. Duk wannan Baba Sannu yana ƙasa, daga tsakiya zuwa gefe, ja kaɗan, tsallaka, ja kaɗan. Kafin fayil ya iso ya gama zagaye na uku, ya zuba sabon mai.

Manjo ya sa aka shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin injin. Kwana bakwai tana nan, ko alamar mai babu. Mai sayen ƙarafa ya zo da ma'auninsa, aka ce ya koma.

Manjo ya ce, "Ka gani ko, Baba? Shekara talatin kana shafa ƙarfe kamar mai lallashin jariri. Ɗauri ɗaya na soja ya gama magana."

"Na gani, ranka ya daɗe."

A taron da ya biyo baya ƙungiya ta zartar cewa motar ta zauna, da sharaɗin kwamiti zai riƙa ɗaure ta farkon kowane wata don kada ɗigon ya dawo. Tun daga lokacin, ranar ƙarshen wata Baba Sannu yakan zo da sassafe da babbar sifanarsa, ya sassauta notunan bamba rabin zagaye, na Manjo kuma cikakken zagaye, domin shi ba ya jin ya yi aiki sai ya yi gumi.